Fis ɗin Ɗakin Marigayi

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa falwaya a kamfanin wuta. Bai taɓa faɗowa ba, wuta kuma ba ta taɓa jansa ba. Abokan aiki suna ce masa Mai Fis, sunan ya biyo shi har gida, ya zama matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Dalilin sunan ƙa'idarsa ce ta farko. Duk layin da zai hau, sai ya taka da ƙafarsa zuwa taransifoma, ya zare fis da hannunsa, ya sa a jakar da ke ɗaure a ƙugunsa, sannan ya hau da shi. Yakan ce fis ɗin da ke jikinka ne kaɗai wani ba zai mayar ba. Ƙa'ida ta biyu kuwa ta mayar da wuta ce: ba ya mayarwa sai ya ƙirga mutanensa a ƙasa da idonsa. Ba a ce masa an sauko. Sai ya gani. Samarin da ya koya wa aiki suna dariyar wannan a bayan idonsa, wai tsoho yana ƙirga mutane kamar awaki. Ya sani, bai damu ba.

Babban ɗansa ya gaje shi a aikin. Shekara guda bayan uban ya yi ritaya, wata Talata kafin azahar, yaron yana saman falwaya yana ɗaure waya. Wanda ke wajen taransifoma ya buga waya ya tambaya ko an gama. Aka ce masa an gama. Fis ɗin yana ajiye a kan murfin akwatin, inda kowa zai iya ɗauka. Iyakar abin da Mai Fis yake faɗa ke nan in an tambaye shi, ba ya ƙara kalma.

Da suka dawo daga maƙabarta, yana ratsa baranda sai ya ji ƙarar fanka a ɗakin yaron. Matar yaron ta fita a guje ne da aka kawo labari, da ɗiyarta a baya, ta bar ta tana juyawa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa ta ƙi shiga. Sai ya zagaya bayan kicin inda allon wutar gidan yake, ya zare fis ɗin ɗakin, ɗan farin abu kamar akwatin ashana. Ya ji fankar tana rage gudu har ta yi shiru. Ya sa fis ɗin a aljihun gaban rigarsa. Daga baya matarsa ta kwashe wa surukar kayanta, aka ja ƙofa. Shekara huɗu, in ya canza riga sai fis ɗin ya canza aljihu.

Surukar ta koma kusa da asibitin da take aikin awon jini. Kowace Asabar takan kawo yarinyar da safe, ta zo ta ɗauke ta kafin magariba. Mai Fis ba ya faɗa, amma sauran kwana shidan jiran Asabar yake yi.

Yarinyar ta yi shekara shida, siririya, ga yatsu masu ƙarfi. Shi ya sa mata suna Tsaka, don tun kafin ta iya magana sosai take manne wa bango. Takan buɗe ƙafafu ta haura tsakanin katakon ƙofa har kanta ya taɓa sama. An same ta a kan wardirof, an same ta a ƙarfen taga. Wata Asabar uwarta ta shigo ɗaukarta, ta tarar da ita zaune a kan katangar gida, kusa da fasassun kwalaben da aka dasa don ɓarayi, tana kaɗa ƙafa.

Uwar ba ta yi ihu ba. Sai da yarinyar ta sauko sannan ta zauna a kan turmi.

"Baba, ku yi haƙuri," ta ce. "Ba zan iya ba. A wajena ɗaki ɗaya ne, ina ganinta. Nan kuwa ko'ina abin hawa ne."

"'Yata, in kin hana ta a nan, a makaranta za ta hau. Can kuma babu mai tarbe ta."

"To ya zan yi? In ɗaure ta?"

"Ba ni wata ɗaya. Zan yi mata wajen hawa a cikin ɗaki, da katifa a ƙasa. Ta hau ta faɗo, ta hau ta faɗo, har ta san nauyin jikinta."

Surukar ta miƙe daga kan turmin.

"Wata ɗaya ba zan kawo ta ba. In kun gama zan zo in gani da idona. In na ga abu ɗaya da hankalina bai kwanta da shi ba, Baba, sai dai ku riƙa zuwa ku gan ta a can."

Ya ce ya yarda.

Dabarar ba tasa ba ce. Wani tsohon abokinsa kafinta ne ya taɓa nuna masa a waya, yara suna hawa bangon katako mai ɗauke da 'yan mariƙai kala-kala. Da ya je shagon ya faɗi abin da ya kawo shi, kafinta ya ajiye zarto ya dube shi.

"Kai Mai Fis, tsufa ya fara taɓa ka. Mutane suna dasa kwalabe don kada a hau, kai za ka buɗe makarantar koyon haura katanga?"

"Filawud uku nake so, mai kauri. Ba irin wanda kake yi wa amare gado da shi ba."

"Gadona ya taɓa karyewa?"

"Wa zai zo ya faɗa maka?"

Kafinta ya yi dariya har da tari. Ya ba shi aron injin huda mai batir, ya tara masa guntayen katako mai tauri cikin buhu.

Ɗaki ɗaya ne a gidan babu kowa a cikinsa, ɗakin marigayi. Ran da ya buɗe shi, matarsa ta tsaya a bayansa, sai ta je ta ɗauko tsintsiya. Ɗakin ɗan siriri ne, faɗinsa mita biyu da rabi, tsayinsa zuwa silin mita uku. Taga ɗaya ce, tana kallon titi, haskenta ya ishe shi aiki. Abin da ya rage na yaron suka zuba a kwali guda suka tura kusurwa: takalman aiki, safar hannu, da hular kwano mai ruwan ɗorawa wadda abokan aikinsa suka kawo. A tsakiyar silin fankar tana rataye, ƙura ta yi wa fukafukanta uku gashi.

Bai mayar da fis ba. Zai huda bango, wayoyi kuma a cikin bango suke, shi da kansa ya binne su. Wanda ya san wuta ba ya huda bango da wuta a ciki.

Sati guda bai buga ko ƙusa ba, zane yake yi a bayan tsohuwar kalanda. Tun ran da suka yi magana da uwar ya auna Tsaka da tef, tsawon hannunta, iyakar inda ƙafarta ke kaiwa in ta ɗaga, faɗin tafinta. Tana ta wasa da shi, wai riga zai ɗinka mata. Da wannan awon ya raba wa mariƙai wuri, kada a samu inda za ta yi tsalle kafin ta kama. Ya fafe su ɗaya bayan ɗaya daga guntayen katakon, ya goge da sanfefa har sai ya shafa a leɓensa bai ji kaushi ba. Kowanne noti biyu ya sa masa, don mai noti ɗaya yana iya juyawa a hannu. Guda arba'in da biyu ne, ya shafa musu fenti kala-kala. Kowanne sai da ya rataya da nauyinsa duka, kilo saba'in da takwas, ya ƙirga ashirin.

"Ƙashin bayanka zai karye kafin na yarinyar," matarsa ta ce daga bakin ƙofa.

"In ya ɗauke ni, zai ɗauke ta."

"In ka karye ni dai ba zan ɗauke ka ba."

Abin da ya fi ɗaukar masa lokaci shi ne saman bangon. Ya san faɗuwa, ya ga irinta da yawa. Wanda ya zame a miƙaƙƙen bango, haɓarsa da gwiwarsa suna bugun duk abin da ke ƙasa. Don haka ya karkato da filawud na sama zuwa cikin ɗaki, taƙi guda da rabi, yadda in hannunta ya saki za ta faɗo tsakiyar katifa ba tare da ta goga komai ba. Ya yi alfahari da wannan dabarar. Don ya fitar da karkatar daidai yana buƙatar zare mai nauyi da zai sauko daga sama. Yana kan tsani ya duba inda zai ɗaura, sai ga fiffiken fanka daf da kafaɗarsa. Ya ɗaura zaren a nan, da noti a ƙarshen zaren. Ya yi daidai sosai. Daga baya nan yake rataya tawul ɗin goge gumi. In fiffiken ya tare masa hanya sai ya ture shi da bayan hannu, kamar yadda yake ture reshen bishiya a kan falwaya. Rannan ƙura ta zubo masa a ido, matarsa ta hura masa tana mita.

A wani guntun kwali ya rubuta duk abin da zai iya ji wa yaro ciwo a ɗakin, yana sokewa in ya gyara. Kan ƙusa. Sartse. Bakin taga, ya naɗe shi da soso. Soket, ya cire ya toshe ramin. Ratar da ke tsakanin katifu biyu, matarsa ta ɗinke ta da zaren buhu. Igiyar labule. Hannun ƙofa. Abu goma sha ɗaya ne, duk ya soke su. Yakan tsaya a tsakiyar ɗakin da yamma ya juya a hankali yana neman na goma sha biyu. Idonsa yakan wuce ta kan fankar kamar yadda yake wuce ta kan silin. Shekara talatin da ɗaya ya koya wa idon nan cewa abin da aka zare wa fis ba abin tsoro ba ne.

Makunnin fankar yana bayan ƙofa. In an buɗe ƙofar sai ta rufe shi.

Asabar ɗin da aka yi alkawari ta zo da zafi tun da hantsi, iska ko ganye ba ta motsawa. Suka iso wajen ƙarfe sha ɗaya. Tsaka ta riga uwarta shiga, ta tsaya a kan katifa baki buɗe.

"Tsoho! Duk nawa ne?"

"Naki ne, amma da sharaɗi. Ba a hawa sai ina nan. Kin ji?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Ba a hawa sai Tsoho yana nan yana surutu."

Surukar ta tsaya a bakin ƙofa. Rabonta da ɗakin tun ranar rasuwar. Ta cire takalmi ta shiga a hankali, ta fara dubawa yadda take duba kwalaben jini a wajen aiki. Ta ja kowane mariƙi da hannunta ya kai. Ta tura yatsa tsakanin katifu. Ta shafa bakin taga. Ya miƙa mata kwalin da ya yi rubutu, ta karanta har ƙasa.

"Baba, kun yi aiki," ta ce. Ta goge wuyanta da bakin mayafi. "Sai dai zafi. Ɗakin ba wuta ne?"

Matarsa ta dubi aljihun rigarsa.

"Ai aiki ya ƙare," ta ce a hankali. "Shekara huɗu ta isa, Malam. Je ka mayar da abin nan, yarinya ta sha iska a ɗakin ubanta."

Ya dafa aljihun. Ya ga gaskiyarta. Ɗakin ya daina zama na rufewa, ga fenti sabo, ga yarinya tana tsalle a katifa. Ya nuna Tsaka da yatsa.

"Ƙafa a ƙasa har in dawo."

"Ƙafa a ƙasa," ta ce, ta ƙame kamar soja.

Ya ratsa baranda, ya zagaya bayan kicin. Taku ashirin da wani abu ne. Ya buɗe murfin allon, gizo-gizo ya yi saƙa a gurbin. Ya share da ɗan yatsa, ya fito da fis ɗin. Gefensa ya yi santsi saboda shafa, ya ɗauki ɗumin jikinsa. Ya duba siririyar wayar da ke ciki, lafiyarta ƙalau. Ya saita shi a bakin gurbin, ya ɗora babban yatsa. Turawa ɗaya ta rage.

Bakinsa ne ya yi tambayar da kansa, don ya saba.

"Kowa yana ƙasa?"

Muryar matarsa ta zo daga cikin gida, ta ratso bango biyu.

"Eh, sa kawai!"

Ya tsaya. Gumi ya gangaro daga haɓarsa ya ɗiga a kan takalminsa. Ba fankar ya tuna ba, bai tuna komai ba. Abin da ya sani kawai shi ne an ce masa, bai gani ba. Wani sashe na zuciyarsa yana ce masa wannan wauta ce, fitila ce da fanka a ɗakin gida, ba layin titi ba, ga mata biyu a tsaye a kan yarinya ɗaya. Yatsan ya ƙi turawa.

"Malam, mun dahu fa!"

Ya mayar da fis ɗin aljihu, ya koma. Bai yi gudu ba, kunya ma yake ji, yana shirya abin da zai ce in matarsa ta fara yi masa tsiya.

Matan biyu suna durƙushe a kusurwa, sun ba bangon baya. Surukar ta buɗe kwalin kayan mijinta, hular kwanon tana kan cinyarta, ta dafa ta da hannu biyu. Matarsa ta riƙe mata kafaɗa. Katifa babu kowa.

"Tsoho, kalle ni!"

Tana can ƙarshen sama, a kan karkatar da ya yi alfahari da ita. Hannu ɗaya a mariƙin ƙarshe, ta saki jikinta baya don ta gan shi da kyau. Kanta yana tsakanin fukafukai biyu. Ɗaya yana daidai kunnenta, ƙurarsa ta shafa mata a kitso. Da ɗaya hannun tana wasa da zaren da ya ɗaura, notin yana lilo.

Surukar ta zabura za ta miƙe. Ya ɗaga mata tafin hannu ba tare da ya dube ta ba. Muryar da ya yi magana da ita ta wajen aiki ce, wadda yake saukar da sabon yaro da tsoro ya kama a sama.

"Na gan ki, Tsaka. Kin iya. Yanzu saki zaren. Yawwa. Hannu biyu a katako. Ƙafar dama, akwai jan mariƙi a ƙarƙashinta, taka shi. Kada ki duba ƙasa, ni ne ƙasan."

Ta sauko mataki-mataki, saura uku ta saki da gangan ta faɗa katifa tana ƙyalƙyala dariya.

"Ai na ce ƙafa a ƙasa," ya ce.

"Ka daɗe ne."

"Wallahi yanzun nan take a gabana," matarsa ta ce. "Yanzun nan."

Ya kama ƙofar ya janyo ta daga jikin bango. Makunnin yana nan, ƙura ta rufe shi, kibiyarsa a kan biyar, inda aka bar ta da safiyar wata Talata. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya waiwayo, ya tarar surukar ta bi idonsa. Ta dubi makunnin, ta dubi fankar, ta dubi ƙurar da ke kan ɗiyarta. Daga nan ta dubi aljihunsa, inda fis ɗin ya turo riga. Ita ta kunna fankar, ita ta nemi a kawo wuta, ita kuma ta karanta abu goma sha ɗaya ta ce an yi aiki. Ba wanda ya faɗi ko ɗaya daga ciki.

Ta ajiye hular a kwali. Ta kaɗe wa yarinyar kai da hannunta, ta sa mata takalmi, ta ɗaure igiyar sau biyu.

"Mama, yanzu fa muka zo."

"Yi wa su Kaka sallama."

Matarsa ta raka su ƙofar gida. Da ta dawo ta same shi a kan tsani da sifana. Ya kwance fukafukan ɗaya-ɗaya, ya sauke kan fankar, ya naɗe bakin wayoyin ya tura su cikin silin, ya toshe ramin da guntun filawud. Makunnin ma ya cire shi. Sannan ya ɗauki kwalin ya rubuta na goma sha biyu, ya soke. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana juyawa a hankali har hasken taga ya fara ja.

Asabar biyu ba su zo ba, shi kuma bai buga waya ba. Ran ta uku da hantsi yana zaune a baranda ya ji ƙarar ƙofa. Surukar ta gaishe shi a tsaye, ta wuce ɗakin kai tsaye, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon guntun filawud ɗin da ke silin.

"Sati uku tana hawa ƙarfen tagata," ta ce. "Hawa na biyu muke, Baba. A nan dai akwai katifa." Ta juyo. "Amma ina zaune a ɗakin. Ku ma kuna zaune. Ko ruwa ba mai fita ɗebowa."

"Haka za a yi."

Suka zauna a ƙasa, bayansu a jikin bango, zafi yana dafa su. Fis ɗin yana aljihunsa har yanzu, bai ga dalilin mayar da shi ba. Tsaka ta hau ta sauko sau bakwai. A na takwas ta daina taka jajayen mariƙan, wai sun yi sauƙi, tana tsallake biyu-biyu. Ya ƙirga a ransa, daƙiƙa goma sha ɗaya daga katifa zuwa sama. Ya yi zaton bangon zai ɗauke ta shekara biyu.

A can sama ta rataya da hannu ɗaya, ta leƙa ta saman taga. Daga nan ana hango titi, da falwayar da ke gaban gidan, da ƙarafan takawa da aka kafa a jikinta har zuwa inda wayoyi suke.

"Tsoho," ta ce, "waccan fa, matakinta nawa?"

Goma sha bakwai ne. Shi ya kafa su.

"Sauko," ya ce. "Ƙafar dama tukuna."

Ba ta motsa ba. Leɓenta yana motsi, tana ƙirgawa da kanta.